Kalmar 'Tome' ta Ingilishi: Yadda Yanki Ya Zama Sunan Ƙaton Littafi

Duk ɗalibin da ya yi nisa a karatun Turanci, ko ma'aikacin da aikinsa ya haɗa shi da jaridun Ingila da na Amurka, ba zai rasa cin karo da wata gajeriyar kalma mai harafi huɗu ba, watau 'tome'. Da gaɓa ɗaya ake faɗinta, amonta ɗaya da na 'home'. Galibi a sharhin littattafai ake ganinta, inda mai sharhi zai ce wani shehun malami ya fitar da 'tome' mai shafi dubu a kan tarihin wata daula, ko kuwa a labarin wani kwamitin bincike da ya miƙa wa gwamnati rahoton da sai da masinja ya tallafo shi da hannu biyu. In an buɗe ƙamus akan tarar da ma'ana biyu. Ɗaya ita ce littafi babba, mai nauyi, mai zurfin ilmi. Ɗayar kuwa, wadda Ingilishin yau ya kusa mantawa da ita, ita ce juzu'i guda daga cikin aikin da aka kasa juzu'i-juzu'i. Wannan ta biyun ita ce ta asali. Abin da ya fi ban mamaki ma shi ne, in aka bi sawun kalmar har inda ta fito, sai a ga ba ta da wata dangantaka da girma ko nauyi. Ma'anarta ta fari ita ce yanki, abin da aka yanko daga jikin wani abu. Ruwa kuwa ba ya tsami banza, akwai dalilin da ya sa yanki ya zama sunan ƙato.

Tushen kalmar a harshen Girkanci yake. Girkawan dā suna da aikatau 'temnein', watau yankawa, daga gare shi suka samo suna 'tomos', abin da aka yanka. Yankin nama 'tomos' ne a wurinsu, haka yankin cuku. Shigar kalmar harkar rubutu kuwa ta biyo ta hanyar irin takardar da ake amfani da ita a lokacin. Takardar duniyar Girka da Rum daga Masar take zuwa, ana yin ta da wata ciyawar bakin ruwa wadda Larabawa ke kira bardi, Turawa ke kira 'papyrus'. Ciyawar nan dangin aya ce ta kusa, sai dai takan fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, kuma tana fitowa a Tabkin Chadi. Akan fere karan, a tsaga ɓargonsa sili-sili, a jera waɗansu a tsaye, waɗansu a gicciye a kansu, a danne, a bubbuga, a shanya, sai su manne su zama falle guda. Ba a sayar da fallen ɗaiɗai. A masana'anta ake liƙa su gefe da gefe su zama doguwar shimfiɗa, a naɗe ta kamar tabarma. Pliny Babba, masanin nan na Rum da ya rasu a shekarar 79 Miladiyya lokacin aman dutsen Vesuvius, ya bayyana cewa naɗi guda ba ya wuce falle 20. Wanda zai rubuta wasiƙa ko rasiɗi ba ya bukatar naɗin duka, sai ya sa wuƙa ya yanki gwargwadon bukatarsa. Wanda zai kwafi littafi kuwa, in naɗin ya gaza sai ya ƙara liƙi, in ya yi saura sai ya datse. Abin da aka datso ɗin nan shi ne 'tomos', har sunan ya bi kowane naɗi mai ɗauke da rubutu.

Ma'aikatan gwamnati za su ga abin da suka sani a yadda ofisoshin Masar suka yi amfani da kalmar a zamanin mulkin Rumawa. Duk shekara 14 akan yi ƙidayar jama'a saboda haraji, kowane mai gida ya kawo takarda mai sunayen mutanen gidansa da shekarunsu. Magatakarda ba ya barin takardun nan a warwatse. Yakan liƙa su ɗaya gefen ɗaya, ya sa wa kowace lamba a ka, ya naɗe. Irin wannan naɗi shi ake kira 'tomos synkollesimos', watau naɗin da aka harhaɗa da liƙi, kuma shi ne fayil ɗin wancan zamani. In ana shari'a aka bukaci wata takarda, sai a ce a duba naɗi na kaza, falle na kaza, daidai yadda akawun yau zai ambaci lambar fayil da lambar shafi. An san wannan ne saboda dubban guntayen takardun sun tsira a cikin rairayin Masar, musamman a jujin tsohon garin Oxyrhynchus, wanda yanzu ake kira Bahnasa, inda waɗansu Turawan Ingila biyu, Grenfell da Hunt, suka fara tono a ƙarshen ƙarni na 19. Daga wannan sana'ar liƙi ne kuma kalmar 'protocol' ta fito, wadda jami'an diflomasiyya suka mayar tasu. Asalinta 'protokollon', fallen farko da aka liƙa a bakin naɗi.

Naɗi yana da iyaka, kuma iyakar tasa ita ta haifi ma'anar juzu'i. Mai karatu yana riƙe da shi ne da hannu biyu, dama na warwarewa, hagu na naɗewa, in ya kai ƙarshe kuma sai ya sake mayar da shi farko domin wanda zai karanta bayansa. In naɗi ya cika tsawo sai ya gagari hannu, ya riƙa yagewa. Saboda haka naɗin littattafan adabi da wuya ya wuce mita 10 zuwa 15. Akwai dai na Fir'aunoni da suka zarce haka, kamar wanda ake kira Babban Bardin Harris da ke gidan tarihi na Landan, mai tsawon kimanin mita 40, amma wannan kundin ajiya ne, ba na karatun yau da kullum ba. To, aikin da ya fi ƙarfin naɗi guda dole a kasa shi. Dogayen waƙoƙin Homer guda biyu kowace an kasa ta 24, adadin haruffan Girkanci, kowane kashi da harafinsa. Tarihin Rum na Livy ya kai kashi 142. Callimachus, mawaƙi kuma ma'aikacin babban laburaren Iskandariya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi suna wajen ƙyamar dogayen littattafai, amma shi ne kuma ya tsara jerin marubutan Girka da ayyukansu, jerin da ya cinye naɗi 120. Malamin Kirista na Iskandariya, Origen, wanda ya rayu a ƙarni na 3 Miladiyya, manyan sharhohinsa ma da sunan 'tomoi' aka san su, jam'in 'tomos' ke nan, kuma sharhinsa a kan Linjilar Yahaya kaɗai ya kai 32. A duk waɗannan wurare abin da kalmar ke nunawa shi ne rabo: ga ɓangare, akwai sauran 'yan'uwansa.

Shaida mafi ƙarfi a kan cewa girma ba ya cikin ma'anar ita ce wasiƙar Fafaroma Leo na Ɗaya. A shekarar 449 ya rubuta wa Flavian, babban limamin Kustantiniyya, wasiƙa a kan saɓanin da ya tashi tsakanin malaman Kirista game da ɗabi'ar Almasihu. An karanta ta a taron Chalcedon a 451, aka karɓe ta, kuma har yau masana tarihi da sunan 'Tome' na Leo suke kiranta. Wasiƙa ce da ba za ta cika shafi ashirin na littafin zamani ba. Ikilisiyoyin Orthodox sun riƙe wannan ma'ana ta takardar hukunci. A watan Janairu na 2019, a birnin Istambul, babban limami Bartholomew ya sa hannu a kan 'tomos' da ya bai wa ikilisiyar Ukraine 'yancin cin gashin kanta daga ta Masko, abin da ya ƙara zurfafa ɓarakar da ta riga ta auku tsakanin Masko da Istambul. Takardar da aka yi wannan rigima a kanta fata ce guda ɗaya, rubutacciya da hannu, mai naɗuwa.

Rumawa sun ari kalmar suka ce 'tomus', ko da yake suna da tasu, 'volumen', daga 'volvere', naɗewa ko mirginawa, wadda ta zama 'volume' a Ingilishi. Ana nan sai siffar littafi da kanta ta sake. Tun a ƙarshen ƙarni na 1 mawaƙi Martial ya yi tallan waɗansu littattafai masu shafuka na fata, waɗanda matafiyi zai riƙe da hannu ɗaya. Wannan siffa ita ake kira 'codex', daga kalmar Latin mai nufin kututture, domin asalinta allunan katako ne da ake haɗawa da igiya. Kiristoci na farko sun rungume ta da wuri, zuwa ƙarni na 4 kuma ta rinjayi naɗi. Amfaninta a fili yake: ana rubutu gaba da baya, ana buɗe tsakiya ba tare da warware farko ba, kuma bango ɗaya yana iya ɗaukar abin da dā sai naɗi goma ko ashirin. Daga nan ne littafi ya sami damar yin ƙiba. Wani Baibul da aka rubuta a gidajen ibada na Wearmouth da Jarrow a arewacin Ingila, wanda shugabansu Ceolfrith ya ɗauka zai kai Rum a 716 ya rasu a hanya, yana da falle fiye da 1,000, nauyinsa ya haura kilo 30, kuma sai da aka feɗe maruƙa kimanin 500 kafin a sami fatarsa. Yana ajiye a Florence ta Italiya. Wani kuma da aka rubuta a Bohemia a ƙarni na 13, wanda sojojin Sweden suka kwashe a ganima a 1648, tsawonsa santimita 92, nauyinsa kusan kilo 75. Sai dai mutanen Ingila da suka yi wancan na fari ba su kira shi 'tome' ba, don a lokacin kalmar ba ta shiga harshensu ba, sai bayan shekara ɗari takwas.

A farkon ƙarni na 16 ta shigo, ta hanyar Faransanci da Latin, a lokacin da injin ɗab'i ya fara cika Turai da littattafai, kuma da tsohuwar ma'anarta ta shigo. Akwai misali mai kyau a shekarar 1548. A 1547 gwamnatin Sarki Edward na Shida ta ba da umurni kowace majami'a a ƙasar ta mallaki fassarar Ingilishi ta bayanin da Erasmus ya yi wa Sabon Alkawari, aikin da Sarauniya Catherine Parr ta ɗauki nauyinsa. Da kashi na farko ya fito a 1548, a kan shafin sunansa an kira shi 'tome' na farko, aka kuma bi da 'or volume', kamar dai maɗaba'ar tana tsoron kada mai saye ya kasa gane baƙuwar kalmar. Kashi na biyu ya biyo a 1549. Haka kuma a 1563, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, littafin huɗubobi na biyu da aka wajabta karantawa a majami'u ya fito da sunan 'tome' na biyu. A duka biyun, lamba ce ke tafiya tare da kalmar: na farko, na biyu.

To, ta ina nauyi ya shigo? Amsar tana ga irin littattafan da ake rubuta wa kalmar a ka. Masu ɗab'i suna auna girman littafi da yawan ninkin da aka yi wa babban fallen takarda. In an ninka sau ɗaya, ya ba da ganye biyu, shi ne 'folio', mafi girma. In sau biyu, ganye huɗu, 'quarto'. In sau uku, ganye takwas, 'octavo', irin wanda Aldus Manutius na Venice ya fara fitar da littattafan adabin dā a cikinsa a 1501 domin a iya yawo da su. Almanak da waƙoƙin kasuwa da 'yan littattafan addu'a ƙanana ne, kuma ba su da juzu'i na biyu, saboda haka ba wanda ya taɓa kiransu 'tome'. Ayyukan da ke bukatar rabo su ne na manyan malaman addini, da dokoki, da tarihin duniya, da ƙamusoshi, su kuwa a 'folio' ake buga su, a sa musu bangon katako da fata da maɓallan ƙarfe, wani lokaci ma a ɗaure su da sarƙa a jikin teburi don gudun ɓarayi, kamar yadda ake iya gani a laburaren babbar majami'ar Hereford. Littafin shahidai na John Foxe, a bugunsa na 1570, juzu'i biyu ne masu shafi fiye da 2,000. Mutumin ƙauyen da bai san Girkanci ba, wanda bai taɓa ganin kalmar ba sai a kan wani jibgegen littafi da ba ya iya ɗagawa, me zai hana shi ɗauka cewa jibgin ne ake nufi? Tun kafin ƙarni na 16 ya ƙare an fara amfani da ita ga littafi guda wanda ba shi da ɗan'uwa. Wannan hanya ce da kalmomi suka saba bi: sifar da ta lazimci abu takan shige cikin sunansa, daga baya ta kori ma'anar fari. Ita ma 'volume' hakan ta same ta, har ta fi, domin daga naɗi ta koma littafi, daga littafi ta koma girman littafi, daga nan girman kowane abu, har ta kai ga ƙarar rediyo.

Sauyin bai kammala dare ɗaya ba. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ba kalmar ma'ana biyu, juzu'i daga cikin masu yawa, da kuma littafi kawai, bai shardanta girma ba, alhali shi kansa ƙamus ɗin juzu'i biyu ne na 'folio' masu nauyin kusan kilo 9, watau ya cika ma'anar dā da ta yanzu gaba ɗaya. A ƙarni na 19 ne, da littattafai masu araha da na aljihu suka yawaita, ƙaton littafi ya zama abin kallo, kalmar kuma ta ɗauki wani ɗanɗano na zolaya wanda har yanzu bai rabu da ita ba. Sauran harsunan Turai ba su bi Ingilishi ba. A Italiyanci da Sifaniyanci 'tomo' juzu'i ne, a Rashanci 'tom' juzu'i ne. Faransanci kuwa ya riƙe bambanci mai amfani: 'tome' rabo ne na mawallafi bisa ga abin da ke cikin aikin, 'volume' kuma rabo ne na mai ɗinki, abin da bango guda ya ƙunsa, ta yadda za a iya samun 'tome' biyu cikin 'volume' ɗaya, ko 'tome' ɗaya a raba shi 'volume' biyu. Saboda haka ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya saba ganin 'tome 1' da 'tome 2' a kan siraran littattafan lissafinsa, da ɗalibin Zariya da ya san kalmar ta bakin jaridun Landan, in suka haɗu za su iya yin gardama a kan kalma ɗaya, kowannensu kuma yana da gaskiya a harshen da ya koya.

Dangin kalmar a Ingilishi suna da yawa, kuma su ne suka riƙe wuƙar da ita ta ajiye. 'Anatomy' shi ne feɗe jiki don sanin sassansa. Duk sunan aikin tiyata da ya ƙare da '-tomy' yanka ne, in kuma '-ectomy' ne to yankewa ce a cire, kamar cire tsiron hanji. Ɗaliban likitanci sukan rikita waɗannan da '-stomy', wanda daga 'stoma' yake, watau baki, ana nufin huda ƙofa. 'Entomology', ilmin ƙwari, ya samo sunansa daga 'entomon', abin da aka tsaga, domin duk wanda ya dubi ƙugun zanzaro ko na rina zai ga kamar an kusa datse shi gida biyu. Rumawa suka fassara wannan kai tsaye suka ce 'insectum'. 'Tomography' shi ne ɗaukar hoton jiki yanki-yanki ba tare da an taɓa fata ba, dabarar da aka fara gwada nau'inta mai aiki da kwamfuta a kan majiyyaci a Landan a 1971 da na'urar Godfrey Hounsfield. Sa'an nan ga 'epitome', wadda ake faɗa da gaɓa huɗu, ba uku ba, kuskuren da ɗalibai suka cika yi saboda kamarta da 'tome' a rubuce. Asalinta taƙaitawa, watau datse dogon aiki, irin abin da malaman Larabci ke kira muhtasar. Taƙaitawa kuwa takan cinye uwarta. Daga kashi 142 na Livy, 35 ne kawai suka iso wannan zamani, amma 'yan taƙaitattun bayanan da wani ya yi wa kusan dukansu sun tsira, don su ne masu sauƙin kwafa.

Mafi shahara a dangin ita ce 'atom'. Harafin 'a' na farkonta korewa ne, ma'anarta abin da ba ya yankuwa. Leucippus da Democritus ne, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, suka ce in aka yi ta raba abu dole a kai ga ƙwayar da ba ta rabuwa. Kimiyya ta ƙaryata sunan, domin a 1897 J. J. Thomson ya gano akwai abin da ya fi ta ƙanƙanta a cikinta, a ƙarshen 1938 kuma aka fasa ƙwayar yuraniyum a Berlin, amma sunan ya zauna. A nan akwai wata daidaituwa da Larabci wadda almajirin tauhidi zai gane nan da nan. Kalmar juzu'i da Hausa ta ara tana nufin ɓangare, daga tushen da ke nufin rabawa, ita ce kuma ake kiran kashin littafi da ita, kamar juzu'i 30 na Alkur'ani. Malaman ilmin kalam kuwa, da suka zo maganar ƙwayar da jiki ya ginu daga gare ta, suka kira ta juzu'in da ba ya rabuwa. Harsuna biyu ke nan, kowanne ya ɗauki tushe guda ya sa wa kashin littafi suna, ya kuma kore shi ya sa wa ƙwayar halitta suna.

Ita 'tomos' ɗin kanta ma ta shiga Larabci. Girkawa suna da sigar ƙanƙantarwa, 'tomarion', ɗan yanki. Bayan Musulmi sun ci Masar a ƙarni na 7 sun gaji masana'antun bardi da kalmomin sana'ar, 'tomarion' ta zama ɗumar, yankin da ake sayarwa daga naɗin ƙirɗasi. Tun da a kan irin wannan takarda ake rubuta wasiƙun halifofi, sai aka kira rubutun fada mai manyan baƙaƙe alƙalamin ɗumar, kuma shi ne mafi kaurin alƙaluman da Alƙalƙashandi ya bayyana a littafinsa na aikin magatakarda, Subhul A'asha, wanda ya kammala a 1412. Ke nan sau biyu abu ɗaya ya faru da wannan tushe, a Alƙahira da Landan, ba tare da ɗaya ya san ɗaya ba: ƙaramin yanki ya zama sunan abu mafi girma a fanninsa. Amma kama da wane ba ta wane. 'Tomb', kabari, daga wata kalmar Girkanci dabam take, mai nufin tudun ƙasa, ko da yake masu barkwanci sukan haɗa su. Tumatir kuwa daga harshen Aztek na Meziko ya fito.

Saura batun amfani, wanda shi ya fi shafar mai rubuta wasiƙar ofis da mai fassara. Sanin asalin kalma ba ya ba mutum izinin mayar da ita can. Wanda ya rubuta wa Bature cewa yana neman 'tome' na biyu na wata 'yar ƙasida za a gane shi da ƙyar, 'volume' ake faɗa. Haka kuma kalmar ba ta dace da kowane littafi ba. Akwai ɗalibai masu son ƙawa da ke sa ta a madadin 'book' don kawai ta fi kama da ta masu ilmi, su kira littafin labari mai shafi 90 'tome', abin ya zama abin dariya. Mafi hatsari shi ne zolayar da ke ɓoye a cikinta. In mai sharhi ya kira aikin wani 'tome', sau da yawa yabo ne da zagi a haɗe: an sha wahala, an tara ilmi, amma wa zai karanta? Ƙaramin ma'aikacin da ya gode wa babban sakatare saboda 'tome' ɗin da ya aiko masa yana iya zaton girmamawa ya yi, alhali ya gaya wa maigidansa cewa rahotonsa ya cika tsawo.

Wajen fassara zuwa Hausa babu kalma guda da za ta ɗauki duka, sai an dubi wurin. Inda ake nufin tsohuwar ma'ana, ko ana fassara daga Faransanci, juzu'i ita ce daidai. Mujalladi ya fi dacewa da 'volume', domin daga kalmar Larabci mai nufin fata yake, yana nuni ga bango. Kundi yana kusa da ma'anar zamani ta fuskar tarin ilmi, amma asalinsa tarin warwarorin takardun malami ne da ake sawa a tadarishi a jefa a gafaka, ba shi da zolayar da ke cikin ta Ingilishi. Inda zolayar ce ake so ta fito, sai a koma ga sifofin Hausa, a ce jibgegen littafi ko tafkeken littafi. Littattafan Hausa biyu sun isa su raba ma'anonin. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da ya fito a ƙarshen shekarun 1930, kashi uku ne, kowane kashi 'tome' ne a ma'anar dā da ta Faransanci, amma ba Baturen Ingila da zai kira shi haka, don yaro ma yana sa shi a jakar makaranta. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuwa bango ɗaya ne, ba shi da na biyu, saboda haka a wurin Bagirken dā ba yankin komai ba ne, amma da shafinsa fiye da 1,200 shi ne ainihin abin da Ingilishin yau ke kira 'tome'.